Ɗakin Katako a Bayan Motar Malamin Gona

Ba zan taɓa mantawa ba da wani barcin rana da na yi a kakar gyaɗa, shekara biyu bayan mun samu mulkin kai. Yanzu na tsufa, jikokina sun ji labarin har sun gaji, amma in na tuna shi ni kaɗai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon malamin gona, an turo ni Tasawa da takardar lakwal, wato makarantar boko, a aljihu, ga girman kai fal ciki. Aikina rangadin ƙauyuka ne tsakanin Tasawa da Mayahi, in duba gonakin gyaɗa, in zaɓi wadda za a ajiye don iri, in koya wa manoma shuka a layi (mutanen da suka fara noma tun ubana bai san hagu da dama ba). Aka ba ni wata tsohuwar 'yar kamiyo, ƙaramar motar kaya, gabanta wurin mutum biyu, bayanta falato, wato shimfiɗar katako kawai, ba shinge ba rumfa. Aka haɗa ni da sofer mai tuƙa ta, Malam Habu, tsohon soja mai sanyin magana, wanda a haife ya haife ni.

Al'adar rangadi ita ce duk inda ka sauka maigari ya ba ka masauki. Ni kuwa sai na ga abin bai dace da ni ba. Ga kuɗin cizo, ga awaki, ga masu gaisuwa da ba sa ƙarewa. Na taɓa ganin wani Bature mai haƙa rijiyoyi ya ɗora ɗaki guda a bayan motarsa, yana kwana ciki yana dahuwa ciki, abin ya tsaya mini a rai. Na zana nawa a takarda, na kai wa wani kafinta a Tasawa. Ya ƙera mini ɗaki daidai tsawon falaton, da taga mai raga, da ƙofa ta baya mai sakata daga ciki, da ɗan tsani mai hawa uku. Shef ɗinmu, wato shugaban ofis, ya ce ba a huda motar gwamnati, don haka da igiya muka ɗaure shi a kusurwa huɗu.

Da muna ɗaurawa kafintan ya kira ni Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci, ya ce, "Mushe, ka cinye falaton duka. In an samu kaya bisa hanya fa, ko mutum?"

Na ce masa motar gwamnati ba motar kasuwa ba ce. (Allah Ya yafe mini, har da ɗaga hanci na faɗa.)

Wani abin da na kwaso wurin Turawa shi ne siyesti, barcin tsakanin azahar da la'asar. Na mai da shi doka. Wata rana a garin Kona Malam Habu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa don maigari ya zo gaisuwa. Na fito na wanke shi tas da Faransanci a gaban jama'a, na ce in ya ƙara sai na rubuta shi wurin shef, ya san inda zai nemi abincin iyalinsa. Ya juya ya ba maigari haƙuri. Amma daga ranar, duk garin da muka sauka sai ya tara mutane ya gargaɗe su: "In Mushe ya sa sakata, ko gobara ce sai ya buɗe da kanshi." Ni kuma ina jin haka ina jin daɗi, wai ana girmama ni.

Ranar da abin ya faru muna wani ƙauye gabas da Kanan Bakashe. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yan waɗanda suka gani da ido suna nan da ransu. Tun safe nake zagaya gonaki tare da Nomau, babban ɗan maigari, magidanci mai ƙwazo, wanda gyaɗarsa ta fi ta kowa cika ƙwanso. Da rana ta take, matarsa Hajo ta aiko mini da hura cikin ƙwarya, ta sha nono har da man shanu a sama. Na shanye ta ƙat. Na yi azahar, na haye ɗakina a gindin tsamiyar ƙofar maigari, na tuɓe daga ni sai 'yar shara da gajeren wando, na danna sakata.

Kai, barci ya yi daɗi! Har mafarki na yi an naɗa ni minista, jama'a sun ɗauke ni a kafaɗa suna tafiya da ni a hankali, ba mai ko tari.

Da na farka na buɗe ƙofa, na juya baya kamar kullum, na miƙa ƙafa ina laluben tsani. Ba tsani. Ƙafata ta daki ƙasa tun ban shirya ba, na tafi da baya na zauna daɓas cikin rairayi. Na ɗaga ido, ga ɗakina a ƙasa, zaune daram kamar nan aka gina shi, igiyoyinsa a naɗe an ajiye su a kan rufi. Mota kuwa babu, sai sawun taya ya nufi yamma. Ga mutanen gari kusan kaf a zazzaune nesa kaɗan, maza gefe, mata gefe, kowa ya yi jugum.

Da ina da hankali, da wannan jugum ɗin ya ishe ni tambaya. Ina! Na miƙe da rairayi a wando na shiga ihu. "Ina mota? Wa ya taɓa motar gwamnati? Ina Habu? Wallahi yau sai wani ya kwana gidan kaso!" Na haɗa da Faransanci, na kira su ɓarayi, na kira su abin da ba zan maimaita ba.

Sai maigari ya taso, tsoho mai farin gemu, ya zo gabana ya durƙusa. Ni da gajeren wando, shi a durƙushe.

Ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri, mun yi laihi. Igiyar ƙasa ce ta taɓa Nomau."

Haka suke kiran maciji in ya sari mutum, ba sa ambatar sunansa. Bayan na shige ɗaki Nomau ya koma gona juya tarin gyaɗa, kububuwa na kwance ƙarƙashi, ta sare shi a ƙafa. Aka ɗauko shi a kafaɗa. Mai maganin gari ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai gidan likita a Mayahi. Mota ɗaya ce a garin, ga ta nan, amma gabanta ba ya ɗaukar mutum a kwance, bayanta kuma ni na cika shi, na kulle daga ciki.

Na ce, da muryar da ni kaina ban gane ta ba, "To me ya hana ku tashe ni?"

Ya ce, "Mun yi shawarar haka. Mun daɗe muna shawara. Muka ga kada mu ja ma Malam Habu rasa aikinshi. Shi ne ya ce a kwance igiya a sauke ka. Mutum goma suka kama, kowa ya tuɓe takalmi. Hajo na kuka, muka ce ta matsa bayan rumbuna ta yi can, kada ka ji."

Wannan ta ƙarshen ita ta kashe ni. Matar da ta dama mini hura, mijinta na kwance jini na fita ta dasashinsa, an kora ta bayan rumbu ta yi kukanta don kada ɗan shekara ashirin ya motsa. Na tsaya ban san inda zan sa idona ba. Na kama hannun tsohon na ce, "Baba, don Allah tashi." Ya tashi. Na koma na sa tufafina, na fito na nemi gefen tabarma cikin maza na zauna. Karo na farko ke nan da na zauna a tabarmar garin.

Muna nan zaune wata tsohuwa, kakar Nomau, ta kawo mini ruwa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ga ka siriri kamar kara, amma ka ba ƙarti goma wuya. Kai ko mi kake ci?" Wasu suka yi 'yar dariya, ni ma na yi, hawaye na zubo mini.

Gab da magariba muka ji kukan mota. Malam Habu ya sauko ya ce an yi wa Nomau allura, likita ya ce zai tashi in Allah Ya so. Mata suka ɗau guɗa. Shi kuwa ya zo gabana ya ƙame irin ta soja, ya ce, "Mushe, ka ce kada a tashe ka. Ba ka ce kada a ɗauke ka ba. In za ka rubuta, ka rubuta hakanan."

Na ce, "Baba Habu, ka yafe mini." Ban taɓa kiransa Baba ba sai ranar. Ya ce mu je mu yi alwala.

Nomau ya rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. Na tambayi likitan ko jinkirin ne ya jawo, ya ce ba wanda zai iya sani. Na so ƙwarai ya ce mini a'a. Shi Nomau bai taɓa tayar da zancen ba, duk kaka sai ya aiko mini da gyaɗa, ni kuwa ban taɓa jin daɗin cin ko ƙwaya ɗaya ba. Ɗakin a nan na bar shi, muka koma Tasawa da falato fili, muna kwasar duk wanda muka tarar a hanya.

Abin da na koya dai shi ne, in mutane suka kai ga jin tsoron ƙwanƙwasa maka ƙofa, kada ka ɗauka girma ka samu. Kaya ka zama, wasu ne ke ɗauke da kai ba ka sani ba. Kowa yana iya musun nauyinsa, ban da ni. Nawa an gwada shi a bainar jama'a, sai da mutum goma.