Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Raba Ni da Unguwarmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, har da wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci, nake sanar da 'yan uwa, abokan aiki da kwastomomin kamfaninmu na gyaran firji da injin wanki rasuwar kwamfutar teburin karɓar baƙi, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan teburinta, a gaban idona, bayan gajeriyar jinya da doguwar ɓarna.

Ni ce nake zama a gabanta tun ranar da aka fito da ita daga kwali, shi ya sa aka ɗora min rubuta wannan sanarwa. Na ce a ba wani, aka ce ai babu wanda ya san ta kamar ni. Haka ni ma na zata.

Ga waɗanda ba su san aikin marigayiya ba: kamfaninmu yana da rassa a sassan gari, kowace unguwa kuma tana da lambarta ta gidan waya. In kwastoma ya kira ya ce firjinsa ya daina sanyi, sai in tambaye shi lambar unguwarsu in buga mata. Ita kuma ta shiga rumbun bayananta, ta nemo reshen da aka ɗaura wa wannan lambar, ta ce can za shi. Tambaya ɗaya tak aka rubuta mata tun tana sabuwa, ita ta yi ta maimaitawa har ta koma ga masu ita: wannan lamba ta wane reshe ce? Kafin ta amsa sai ta yi ƙirrr, ƙaƙaƙa, ta ɗan yi shiru kamar mai nazari, sannan tiit. Wallahi har yau in na ji injin wanki yana matse kaya sai gabana ya faɗi.

An shaide ta da haƙuri. Ba ta gulma, ba ta cin hanci, ba ta taɓa cewa kanta na ciwo ranar Litinin ba. In an ɗauke wuta takan suma, in an kawo ta farfaɗo ba tare da ƙorafi ba. Ni kuma ban rage ta da komai ba. Tsohon mayafina nake lulluɓa mata in za a tashi. Ƙaramar fankar ɗakina na ɗauko na kafa mata a baya, ni ina zufa ita tana shan iska. Da aka so a canja ta shekarun baya, ni na tsaya kai da fata. Zagin da na sha saboda ita kuwa ba ya lissafuwa. Mutum zai tsaya a kaina yana huci wai an tura shi nesa, in ce masa, “Yallaɓai, yi haƙuri, Gwaggo ba ta ƙarya.”

To, a watan jiya Manaja ya tara mu ya ce za a sake raba ma'aikata, kowa ya koma reshen da ke kusa da gidansa, a huta da makara. Nan take aka fara ƙus-ƙus cewa zai fifita nasa. Shi kuma don ya wanke kansa ya daki tebur ya ce, “Ba ni zan raba ba. Yadda take raba kwastomomi haka za ta raba ku. Abin da Gwaggo ta ce shi ne, ko a kan ɗana ya faɗa.” Kowa ya tafa. Ni na fi kowa tafi. Me zai dame ni? Daga ƙofar gidanmu ana jin janaretan ofishin nan.

Wannan kusancin shi ne rufin asirina. Mahaifina yana kwance a ɗakin tsakiya tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi mako bai kwana a gida ba. Kullum da an tashi cin abincin rana nake sa takalmi in ruga gida, in tayar da Baba in jingina shi da filo, in ba shi abinci a baki, in juya shi ɗaya gefen, in dawo kafin kujerata ta huce. Gwaggo ta san wannan. A gabanta nake ajiye makullin gida, a gabanta nake dawowa ina haki.

Da hannuna na buga lambobin kowa. Tawa na bari ƙarshe, ina ma hira da Dogo mai karɓar kaya ina dariya. Ta yi ƙirrr, ƙaƙaƙa, tiit. Ta tura ni reshen bayan masana'antu, wanda sai an shiga mota biyu, a sauka a taka.

Na ɗauka yatsana ne ya zame. Na sake bugawa, ta sake faɗa. Ashe iyakar lambobin ta bi ta kwatar da ta raba layinmu biyu. Gidajen da ke kallonmu, su mai wanki da mai kanti, suna cikin lambar ofishin nan. Mu da ke wannan gefen an haɗa mu da wata doguwar lamba da ta miƙe har bayan masana'antu. Dogo kuwa, da gidansu ke can ƙarshen gari inda mota ke juyawa, lambarsa ta faɗo nan daram, shi aka ba kujerata. Haba Gwaggo! Ni? Kwata ɗaya, wadda nake tsallakewa da kwanon abinci a hannu?

Na sami Manaja a ofishinsa na yi masa bayani. Ya sunkuyar da kai ya ce, “'Yar uwa, na san halin da Baba yake ciki. Amma na rantse a gaban mutane. In na taɓa naki, gobe mutum goma ne a ƙofar nan. Sai dai in ita ce ta canja baki.” Ya yarda a kira mai gyara ya ƙara mata tambaya ta biyu, ta riƙa duba nisa ba lamba kaɗai ba, a sake rabon gaba ɗaya. Na fito ina ta godiya, har na goge mata fuska da gefen zanena.

Daga ranar ta fara jinya. Sai ta ɗauke numfashi tana tsakiyar aiki, fuskarta ta yi shuɗi. Na roƙe ta, na lallashe ta, na ƙara mata fanka. Ranar Laraba mai gyara ya shigo da jakarsa, ya ja kujera, ya danna maɓalli. Ta yi ƙirrr, ta yi ƙas, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta. Ya buɗe cikinta ya leƙa, ya girgiza kai ya ce sai haƙuri. Babban ofishi ya aiko da sabuwa washegari, an riga an zuba mata rabon yadda marigayiya ta bar shi, kuma daga can ake juya ta, mu nan ko waƙafi ba mu isa mu taɓa ba. Ta yanke hukunci, ta mutu da shi a baki. Ni dai ban taɓa ganin cin amana mai tsabta irin wannan ba.

Ta rasu ta bar firinta, abokiyar zamanta mai cin takarda, da kibod wanda lambar bakwai ɗinsa ta daɗe da gogewa, da mawus mai ɗingishi. Ta bar Dogo a kan kujerata yana tambayata yadda ake ƙara wa kujerar tsayi. Fankata na ɗauke abata. Masu cewa in yafe mata, na ji, Allah ya saka da alheri. Ba a yi wa ƙarfe addu'ar rahama, ko da ana yi ma sai na yi shawara.

Za a yi jana'izarta ranar Litinin a bayan sito, inda mai gwangwan zai zo da buhunsa da sikelinsa. Manaja ne zai jagoranci miƙa gawa. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar jawabi. Ni ba zan samu halarta ba, don a ranar zan kama aiki a bayan masana'antu, kuma sai bayan magariba zan riƙa dawowa.

Zaman makoki a gidanmu ne, gida mai koren ƙyaure a gefen kwatar da ba na ofis ba, kullum da azahar har sai abin da hali ya yi. Duk mai niyyar yi min ta'aziyya, don girman Allah ya zo a wannan lokacin. Makulli yana wurin mai kanti, abinci yana cikin kula a kan tebur. Baba ba ya iya riƙe cokali, kuma ba zai ce muku yana jin yunwa ba.