Rasuwar Bajimi, Ƙahon Hazo na Ruwan Chesapeake

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, Injiniya Munzali Rabe na garin Manassas yake sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da matuƙan jiragen ruwa da masu kamun ƙaguwa na yankin Chesapeake, rasuwar amininsa Bajimi, tsohon ƙahon nan da ke yi wa jirage gargaɗi idan hazo ya rufe ruwa. Marigayin ya cika ranar Lahadi da hantsi a garejin gidan Injiniya, bayan doguwar jinya, babu kowa a kansa sai mai jinyarsa.

Kada wani ya yi murmushi, rashin nan ba ƙarami ba ne. Tun rasuwar Hajiya Sailuba, matar Injiniya, muryar Bajimi ce kaɗai ta rage a gidan. 'Yarsu tilo tana Wheaton, ba wata uwa duniya ba, amma rabonta da mahaifinta an daɗe. Ba faɗa suka yi ba. Kowannensu dai yana jiran ɗayan ya fara kira.

An kafa marigayin a saman wata hasumiyar fitila da ke tsaye a tsakiyar ruwa tun Injiniya yana firamare a Funtuwa, lokacin bai taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar garinsu girma ba. Sun haɗu ne bayan ya samu aiki a wani ofishin gwamnati da ke kudu maso yammacin Washington, inda ake kula da fitilu da alamomin hanyar ruwa. Ranar da aka fara kai shi hasumiyar a ƙaramin jirgi, hazo ya sauko, sai kawai ya ji "Buuuuuu" daga saman kansa. Don firgita saura kaɗan ya faɗa ruwa, da ƙyar aka riƙo rigarsa. Da hankalinsa ya dawo, ya ce wallahi sak muryar bajimin kakansa. Sunan ya bi ƙahon har ranar mutuwarsa.

Duk wanda ya san marigayin zai yi masa kyakkyawar shaida. Ba shi da surutu, magana ɗaya ya iya, kuma bai taɓa canza ta ba. Yakan yi kira, ya yi shiru kamar mai sauraron amsa, ya sake kira. Bai taɓa tambayar tutar wace ƙasa jirgi ya ɗaga ba, bai kuma bambanta katafaren jirgin dakon kaya da kwalekwalen masunci ba. Babban halinsa shi ne ba ya jira a neme shi. Da zarar idonsa, wato 'yar na'urar da ke hango masa hazo, ya ga gari ya rufe, sai ya ɗaga murya, ko da jirgi a ruwan ko babu. Shekara da shekaru yana kira, ba a taɓa ce masa an gode ba, bai kuma taɓa yin fushi ba.

Ciwon ajalinsa daga ido ya fara. Gishirin teku ya ci shi, tsufa ya kama shi, har ya koma ganin hazo a inda babu. Rana tsaka, sama tas, sai a ji shi yana kuka. Masu manyan gidajen bakin ruwa suka dame ofis da ƙorafi, su da suka tarar da shi a wurin. Aka nemi kayan gyara, aka ce ai an daina ƙera irinsu. A ƙarshe aka sauke shi, aka ɗora magajinsa.

Ba za mu ci zalin magajin ba, yaro ne mai ƙoƙari. Hasken rana ne abincinsa, ba ya laulayi, ba sai an tura mutane cikin sanyi suna kankare masa tsatsa ba. Injiniya da kansa ya yarda ya fi aminci. Sai dai tarbiyyarsa ta zamani ce: ko hazo zai kai kaurin kunu, ba zai ce uffan ba sai matuƙi ya ɗauki rediyonsa ya latsa ya neme shi. Wanda bai san yadda ake latsawa ba kuwa, sai dai Allah Ya kiyaye.

Injiniya ya nemi izini aka bar masa tsohon, ya kai shi gida. A nan ya yi ritayarsa, tsakanin injin yankan ciyawa da akwatunan Hajiya da har yau ba a buɗe ba. Duk Lahadi sai Injiniya ya cusa masa matashin kai a baki don kada ya dami maƙwabta, ya haɗa masa batir, ya ja kujera ya zauna. "Mmmuuu." Maƙwabciyarsu Madam Linda ta taɓa leƙowa ta kan shinge cikin ladabi tana tambaya ko an halatta kiwon saniya a unguwar. Wannan Lahadin da ya haɗa wayar, sai ya ji "ƙit", wani siririn hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Ya daɗe zaune da wayar batir a hannunsa. Kaɗaici ya taso masa irin wanda bai ji ba ko a makon da aka gama zaman makokin Hajiya, don lokacin akwai masu shigowa.

Marigayin ya bar hasumiyarsa da sabuwar fitilarta. Ya bar tulunan ƙarfe ja da kore da ke lilo a kan ruwa suna nuna hanya, da tsuntsayen teku da suka yi ta ɓata masa kai yana haƙuri. Ya bar Malam Chollom, mutumin Jos, abokin Injiniya, wanda ya ɗauko marigayin a bayan motarsa ya kwana biyu yana jinyar ƙugu. Sannan ya bar Injiniya.

A nan dole a yi bayani game da 'yar Injiniya. 'Yar fari ce, Injiniya kuwa mutumin da ne, tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba saboda alkunya. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "ita wannan". Kuma a gidan da ya tashi, ƙarami ke neman babba ya gaishe shi. Da Hajiya na da rai ba a lura ba, ita ke kiran wannan ta miƙa wa wancan waya. Yarinya kuwa haihuwar nan ce, tana jin Hausa tana mayarwa da Turanci. Malam Chollom, da suke aiki asibiti ɗaya da ita, ya ce ta taɓa gaya masa da hawaye cewa ta gaji da kiran mutumin da daga "lafiya lau" sai shiru, wanda ko sunanta ba ya iya faɗa. In yana son ta, ai yana da lambarta. Da aka kawo wa Injiniya wannan magana sai ya ce shi ya haife ta ko ita ta haife shi? Haka suka zauna, shi a Manassas, ita a Wheaton, hazo ya rufe tsakani, kowa ya yi gum kamar sabon ƙahon.

Ranar Lahadin, bayan ya lulluɓe gawar da tsohon bargo, ya ɗauki wayarsa. Ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba, wataƙila tana bakin aiki, wataƙila tana kallon wayar ne. Da aka ce ya bar saƙo, ya yi gyaran murya.

"Kausar," ya ce. "Abbanki ne. Ba wani abu ba ne. Na kira ki ne kawai."

Har zuwa rubuta wannan sanarwa ba a samu amsa ba. Ya sake kira Litinin, ya sake Talata. Ya ce yana kira, yana yin shiru ya saurara, yana sakewa, kuma ba zai daina ba.

Za a ɗauki marigayin ranar Asabar bayan azahar daga gidan Injiniya zuwa wani ƙaramin gidan tarihi da ke bakin ruwa, inda suka amince su ajiye shi a tsakar gida, bakinsa yana fuskantar teku. Ba wanka, ba salla, tunda ƙarfe ne. Za a dai goge shi da mai. Ana buƙatar majiya ƙarfi don kama gawa. Mai niyyar kawo abinci ya kawo, tukunyar gidan ta daɗe ba ta hau wuta ba. Masu rakiya su shiga motocin baya. Kujerar gaba ta motar Malam Chollom kada kowa ya zauna, Injiniya ya ce ta Kausar ce, kuma shi ya ce a rubuta sunan haka, kowa ya gani.