Rasuwar Kwamfutar Malam Datti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi shi nauyi, Malam Datti na Jos Jarawa yake sanar da rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda ya yi shekara da shekaru yana koyar da ɗalibai da ita.

Marigayiya mai haƙuri ce. A jikinta Malam yake nuna yadda cibiyar manhaja take haifar ƙananan ma'aikatan da ake kira zare. Kowane zare ana yanka masa wuri a ƙwaƙwalwa, idan ya gama aikinsa a sallame shi, a share wurin. Hukuncin Malam a aji ɗaya ne: wanda ya haifi zare shi zai binne shi. A kan wannan ya kayar da ɗalibarsa Hosana a jarrabawa, har ya karanta kuskurenta a gaban jama'a.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da Malam da hannunsa ya rubuta umarnin haihuwa, ya manta na shara. Aka yi ta haifar zare, ba mai sallama. Ƙwaƙwalwa ta cika, jiki ya ɗau zafi, fankar marigayiya ta shiga kuka, fuuu, fuuu. Da Malam mutumin Sakkwato ne da ya tsorata. Amma safiyar Jos ce, sanyi na cin ƙashi, sai bawan Allah ya ji daɗi. Ya jawo ta cikin bargo, ya ɗora tafukansa yana jin ɗumi, bargon kuwa ya toshe mata hanyar numfashi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙit.

Labarin da ya bazu cewa wutar lantarki ce ta ƙona ta ba gaskiya ba ne, kuma an san daga bakin Malam ya fito.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, linzamin kwamfuta mai makahon ido, da jaka wadda zif ɗinta ya riga ta tafiya.

Za a kai gawar shagon gyara a Tina Junction ranar Asabar, a raba sassanta ga mabukata. Zaman makoki a aji ne ranar Litinin, inda Malam zai karanta musabbabin rasuwar da bakinsa, a tsaye. Ana roƙon Hosana ta zo da takardar jarrabawarta, ta zauna a layin gaba.