Keke Mai Kwaɗo Biyu

Ba zan taɓa mantawa da makona na farko a Kano ba, ko da ina so, domin abokan aiki ba za su bari ba.

Daga Damagaram na zo, shekara ashirin ke nan ko kusa, bayan wani kawuna ya samo mini aiki a kamfanin sarrafa fata a Challawa. Kafin in taso, babu wanda bai ja mini kunne ba. Inna ta ce Bakano zai cire maka hula yana gaishe ka. Don haka na shigo gari a tsorace. Wanda ya yi mini murmushi, sai in dafe aljihu. Kekena kuwa kwaɗo biyu na sa masa, gaba da baya (keken da ko kyauta aka ba wani sai ya yi shawara).

Ranar Alhamis muka tashi aiki da yamma. Ina fitowa bakin ƙofa na hango wani dattijo ya saɓa kekena a kafaɗa yana sauri. Na ce a raina, maganar Inna ta tabbata. Na buɗe murya iya ƙarfina: "Ɓarawo! Ku tare shi!"

Ma'aikata suka kwasa a guje, wani har da ɗaukar katako. Ina bayansu ina haki. Sai na ga na gaba sun yi turus, sun durƙusa, suna "Barka da yamma, Malam." Mai katakon ya ɓoye shi a baya.

Ashe Malam Haladu ne, limamin masallacin kamfanin, mutumin da nake sallah a bayansa tun zuwana ban taɓa kallon fuskarsa ba, hankalina yana kan takalmana. Tirela ce ke ja da baya daidai inda na jingine keken, ya ga za ta murƙushe shi, ya tura ya ƙi tafiya, sai ya ɗauka.

Ni ma na durƙusa. Da a wani wurin ne ba a san shi ba, da na jawo wa bawan Allah duka.

Ya sauke keken yana murza kafaɗa, ya ce, "Baƙo ne ko? Ɗana, rage kwaɗo ɗaya, ya yi nauyi."

Aka fashe da dariya. Washegari ya kira ni gidansa a Panshekara cin tuwo, da ya ji a shagon wani nake kwana kuma ya nema mini ɗaki kusa da shi. Mutanen da nake dafe wa aljihu su suka kawo mini tabarma da buta.

Na zo da niyyar shekara ɗaya, ga ni da 'ya'ya masu yi mini dariyar Hausata. Abin da na koya shi ne, mutum ya riƙa ɗaga kai ya kalli limaminsa, ko sau ɗaya ne.