Tsallen da Na Yi a Zauren Malam

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da tsallen da na yi a zauren mahaifina ba. Ƙato da ni, da gemu, da mata da ɗa, na tashi a gaban dattawan unguwarmu ta Limancin Kona na yi tsalle kamar ɗan akuya. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, bayana kuma ya amsa.

Lokacin ina akawu a ofishin ilimi, zamanin da gwamnati ke ba ma'aikata rancen mota. Da layi ya zo kaina na sayi wata 'yar ƙarama mai ƙusumbi, irin mai inji a baya. Sharaɗin rancen shi ne sai an yi mata cikakkiyar inshora, wato in an yi haɗari kamfani ya gyara motar, in direba ya ji rauni kuma su ɗauki nauyin asibiti. Na sa hannu ina murna, amma ban gaya wa kowa a gida ba. Mahaifina malami ne, mu duka Malam muke ce masa, kuma na sha jin wasu masu ɗaukar karatu a zaurensa suna cewa inshora caca ce, wai mutum ya sayar da tawakkalinsa. Shi Malam ban taɓa jin bakinsa a kan maganar ba. (Ban kuma taɓa tambayarsa ba. Ni na yanke masa fatawa a raina, na dawo ina jin tsoronta.)

Wata ranar damina ina dawowa daga aiki, na kusa shiga Ƙofar Kibo, sai tumaki suka keto titi. Na taka birki. Wata tifa mai yashi da ke bayana, nata birkin ya ce bai san zancen ba. Ta naushe ni ta baya, motar ta yi juyi ta faɗa rami ta kife. Mutane suka taho da salati suna shirin ciro gawa, sai ga ni na fito ta taga ina kakkaɓe riga, ina tambayar wa ya ga hulata. Ko ƙwarzane babu.

Kashegari zauren Malam ya cika da masu barka da arziki. Kowa ya shigo sai ya ce wannan addu'ar iyaye ce. Ni kuwa na samu abin yi, na zauna kusa da Malam ina ta ba da labari, kuma kowane zuwa sai tifar ta ƙara girma.

Ana cikin haka sai ga wani mutum ya faka babur, ya cire takalmi, ya shigo da jaka a hamata. Gabana ya faɗi. Mista Bulus ne, ma'aikacin kamfanin inshorar, mutum mai kirki, Hausa a bakinsa kamar haifaffen unguwar Kwarbai. Kafin ya gama gaida Malam na riga shi: "Malam, abokin aikina ne, jaje ya zo." Mista Bulus ya dube ni, ya zauna.

Da gaisuwa ta lafa sai ya ce, "Akawu, na ga motar. Babu inda ke maka ciwo? Wuya ko baya?"

Na ce, "Garau nake, Alhamdulillahi."

Ya ce, "Ba na musu. Amma irin wannan bugu na baya, ciwon ba ya fitowa nan take. Yanzu jiki da sauran zafi. Ka daure ka je asibiti a yi maka hoto, likita ya rubuta abin da ya gani, saboda mu a wurinmu..."

Kai, na ga kalmar nan ta taho, ta kusa fita daga bakinsa a gaban Malam da ɗalibansa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Asibitin me? Wanda Allah ya tsare?" Na juya wuya hagu da dama. Na sunkuya na taɓa yatsun ƙafa. Na tsuguna na tashi. Da na ga har yanzu bakinsa a buɗe yake, sai na tattare babbar riga na daka tsalle, har hulata ta bugi azara ta faɗo a kan allon wani dattijo. Zaure ya ɗauki dariya da kabbara. Malam dai bai yi dariya ba, ya bi ni da ido kawai.

Na raka Mista Bulus waje. Bawan Allah, har ya hau babur ya sake juyowa ya ce, "Akawu, in na koma na ce lafiyarka ƙalau, maganar jiki ta rufe ke nan, sai ta mota." Na ce masa ya rufe, ya ma sa kwaɗo. (Wallahi haka na faɗa, har ina jin daɗin iya magana.)

Aka gyara mota, ta dawo tana ƙyalli. Bayan 'yan makonni na fara tashi da safe bayana a sage. Na ce katifa ce. Sai wani abu ya riƙa tsarga mini daga ƙugu zuwa ƙafar hagu. Na ce sanyin damina ne. Na shafa man zafi, na sha jiƙo, na ci gaba da amsa sunan da yaran unguwa suka laƙaba mini, wai Ko Ƙwarzane.

Ranar da asirina ya tonu, Malam, wanda shi ke mana limanci, ya tafi ta'aziyya, aka tura ni gaba in ja sallar la'asar a masallacin ƙofar gida. Na yi kabbara, na yi karatu, na sunkuya ruku'u. Da na zo ɗagowa sai na ji kamar an soka mini allura mai zafi a gadon baya. Na ƙage. Ba sama, ba ƙasa. A bayana kuma sahu-sahu ne na dattawa, kowa a sunkuye yana jirana. Na yi ta tasbihi ina fatan abin ya saki. Wani ya yi gyaran murya. Ladan ya ce, "Subhanallah." Can ya sake cewa, "Subhanallah," wannan karon da ɗan ƙarfi. Ina jin numfashin wani tsoho yana fita da ƙyar. Na san hukuncin sarai, in liman ya gaza sai ya jawo wani ya ƙarasa, na karanta shi a gaban Malam. Amma hannun da zan miƙa shi ne ke riƙe da ni a gwiwa. Daga ƙarshe, ɗan malam guda, a tsakiyar salla, na buɗe baki da Hausa ɓaro-ɓaro na ce, "Jama'a a taimaka, na ƙage!"

Ladan ya shige gaba ya ja su. Da aka sallame, majiya ƙarfi suka ɗauke ni yadda nake a lanƙwashe suka shigar da ni gida, yara na biye suna cewa ga Ko Ƙwarzane.

A asibiti aka yi hoton nan da na ƙi yi. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ya goce yana danne jijiya, kuma jinyar mai tsawo ce, in ba a yi ba ƙafar na iya mutuwa. Ya tambaye ni ko na taɓa yin haɗari. Da na faɗa masa, ya ce me ya hana ni zuwa tun a lokacin. Albashina kuwa ana cire rancen mota, abin da ya rage ba zai ɗauki jinyar ba. Dole na kira Malam na gaya masa gaskiyar ko wane ne Mista Bulus.

Malam ya ce, "To ai na sani. Wa ke karɓar motar rance babu inshora? Sunan kamfanin ma na jikin jakarsa." Ya ƙara da cewa, "Ni na ce maka haramun ne? Da ka tambaye ni, da ni zan kai ka asibitin."

Shi da kansa ya ce zai raka ni ofishinsu, ko ganin furfurarsa zai sa su sassauta. Mista Bulus ya karɓe mu da mutunci ya kai mu gaban manajansu. Manaja ya ce lokaci ya ja, babu likitan da ya gan ni bayan haɗarin, don haka ba su da hujjar cewa ciwon daga motar yake, wataƙila kaya na ɗauka. Amma ya ce in akwai dattijon da zai shaida na yi kukan ciwo tun farko, zai duba. Ya juya ga Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce kana zaure lokacin da Mista Bulus ya je. Ranar nan ya ce wani wuri na masa ciwo?"

Na dubi mahaifina da duk irin idon da ɗa ke iya yi wa uba. Kalma ɗaya nake nema. Malam ya sunkuyar da kai, ya ja carbi. Sannan ya ce, "Bai ce ba. Tsalle ya yi."

Mista Bulus ya kawar da kai. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, in da bayan zai bar ni in sunkuya.

An yi jinyar, ƙafar ta tsira. Na ɗauka 'yan uwa ne suka haɗa hannu. Sai da kaka ta yi, na ga ba a shigo da dawa gida ba, sannan ladan ya gaya mini Malam ya sayar da gonarsa ta bayan ganuwa, wadda ya gada daga mahaifinsa. Na je na durƙusa iyakar yadda zan iya, ina kuka ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Gona na iya sayarwa, shaida ce ba zan iya ba. Tashi a hankali." Har Allah ya karɓi ransa bai sake tayar da maganar ba, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Na yi ta cewa zan fanso gonar, ban samu iko ba, yanzu gidaje ne a wurin.

Shekaru ke nan a kan kujera nake salla, a ƙarshen sahu, kusa da takalma. In aka ce wani ya yi haɗari ya fita lafiya, ina zuwa barka da arziki kamar kowa, in yi masa addu'a. Amma kafin in tashi sai na matsa kusa da kunnensa na ce, "Ka gode wa Allah, ka je a yi maka hoto. In kuma akwai abin da kake tsoron tsohonka ya ji, je ka tambaye shi tun yana nan. Ko me za ka yi dai, kada ka yi tsalle."