Yadda "Bikos" Ta Kusa Ƙarasa Awakin Unguwarmu

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zai kwashe ranar da na yi tafinta a Dakoro ba.

Ina saurayi na yi gadi a Ikko shekara biyu. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, wata uku na yi na gudu. Amma da na dawo gida sai na naɗa kaina masanin Ingilishi na unguwa, kowa ya taɓa ni in jefa masa "bikos". (Maigidana na Ikko ba ya faɗa sai da ita, ni kuma na yanke cewa ma'anarta "shi ya sa". Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, ni da na fi kowa sani?)

Wata shekara ciwo ya shiga awaki, kullum ana jan mushe zuwa bayan gari. Wata nasara, likitar dabbobi, ta zo ta yi wa rabin awakin unguwa allura, bayan wata guda ta dawo don ta ƙarasa sauran, har da nawa. Ingilishi kawai take ji, tafintanta kuma zazzaɓi ya kwantar da shi a Maraɗi. Mai unguwa ya waiga ya ce, "Ina Ɗan Ikko? Yau ranarka ce."

Na gyara hula na fito tsakiyar fili. Ya ce, "Faɗa mata awakinmu na mutuwa, shi ya sa ta zo, mun gode."

Na yi gyaran murya. "Madam, got dai bikos yu kam. Tank yu."

Ta zaro ido ta dafe ƙirji. "Bikos of mi?"

Jin ta maimaita kalmata, daɗi ya kashe ni. "Yes! Bikos yu! Got dai, ship dai, kaw dai, bikos yu kam!" (Ko saniya ɗaya ba ta mutu ba, na ƙara ne don maganar ta yi tsawo.) Jama'a suka ɗau tafi, mata na guɗa.

Ita kuwa fuska ta yi ja. Ta rufe akwatin allura ta miƙa wa direba, ta nufi mota. Na ce wa mai unguwa kunya ce, nasara ba su saba da yabo ba.

Allah Ya sa Malam Issufu, mai koyar da Ingilishi a kwaleji, na tsaye a baya. Ya kutso da gudu ya tare ta, suka yi magana, sannan ya juyo gare ni.

"Baba, ka san abin da ka faɗa?"

"Kai yaro, ina Ikko ba a haife ka ba."

"To bikos 'saboda' ce, dalili ke bin bayanta. 'Shi ya sa' kuwa 'so' ake cewa. Ka gaya mata zuwanta ne ya kashe awaki da tumaki da shanu, kuma kun gode. Ta ce ba ta ƙara tsira wa ko akuya ɗaya allura sai an auna maganin a Yamai."

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan Ikko, ashe gadin ma a waje da ƙofa ka yi shi." Mai unguwa ya ce, "In motar nan ta tashi, kai za mu ɗaure a turke."

Likitar ta ce daga bakina take son jin gyaran. Haka na tsaya da furfurata, Malam na faɗa ina maimaitawa: "Got dai, so yu kam." Sau uku, don na farko "bikos" ta sake kuɓuce min. Ta yi dariya har da hawaye, ta sa aka sauke akwatin. Nawa awakin aka yi wa a ƙarshe, ni na riƙe su, ban ɗaga kai ba.

Tun ranar na gane magana ma tana da gaba da baya, in ka juya ta, godiya sai ta koma ƙara. Yanzu ko uwargida ta tambaye ni me ya hana ni dawowa da wuri, sai na zauna na tantance wanne ya jawo wanne, sannan in amsa. Da Hausa.