Hoton Marigayi a Shagon Na Girka

Allah ya yi wa layinmu baiwa da mai zane. Shagonsa na tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. A da hoton fasfo yake ɗauka, amma tun da ya sayi babbar kwamfuta ya gano tsofaffin zanen Turawa da labaran gumakan Girkawa, sai ya daina amsa sallama da baki, kai kawai yake ɗagawa. Yaran layi suka sa masa Na Girka. Ya ji daɗi, ya rubuta a allon shago.

Aikinsa ba ya ɓuya. Mai nama ya je neman hoton talla, ya dawo rabinsa mutum rabinsa doki. Har yau hoton yana ƙarƙashin katifa.

"Ku fuska kuke gani," in ji Na Girka, "ni tarihi nake gani. Mutanen nan shekara dubbai suna jiran wanda zai gyara musu aiki. To, na zo."

Rannan matar direban da ya rasu bara ta kai masa hoto. Shi kaɗai ya rage na mijin, ruwa ya taɓa shi, rabin fuskar ya goge. Surukarta idonta na mutuwa, kullum roƙonta ta ga ɗanta kafin ya rufe gaba ɗaya.

"A ƙara masa girma kawai, Malam, yadda Inna za ta gani."

"Baiwar Allah, kin kawo min direba, zan mayar miki da sarki."

Da ta koma karɓa, sai da ya tara maƙwabta kafin ya yaye ƙyallen da ya lulluɓe hoton da shi. Ga wani ƙato zaune kan gajimare, ƙirji a waje, gemu a nannaɗe, yana riƙe da walƙiya kamar sandar rake. Marigayi kuwa, Allah ya jiƙansa, ko hadari ya haɗu gefen titi yake fakawa.

"Babban gunkin Girkawa ke nan, mai jefa tsawa. Inda fuskar ta goge, na cike da ilimi."

Matar ta yi a'uziyya a hankali. Ta tambayi ƙaramin hoton. Ya ce ya tsufa, bai san inda ya ajiye ba, kuma ai yanzu ba ta da buƙatarsa.

Babban hoton kuwa, bai yarda ta ɗauka ba. Da kansa ya rungumo shi har tsakar gida, don ya ga kukan farin ciki. Tsohuwa ta sa aka matso da shi daf da idonta. Ta shafa hancin, ta shafa haɓar. Ta daɗe. Sai ta ɗaga kai ta dubi Na Girka, ta sake duban hoton, ta cire mayafinta ta rufe ƙirjin.

"Ɗan nan," ta ce, "hotonka ya yi kyau. Amma ka riƙa sa riga in za ka shiga gidan mutane. Ina nawa ɗan?"